Yadda Ake Feɗe Babbar Lamba: Jagora da Misalin 720,720 da Maƙwabciyarta

Babbar lamba ba ta nuna halinta da kallo. Ga 720,720, ga kuma 720,721 da ke bin ta. Ɗaya ce tak tsakaninsu, amma ta farko lambobi 240 ne ke raba ta ba saura, ta biyun kuwa huɗu kacal. Da takarda da biro da ɗan haƙuri za a iya gano wannan, kuma ginshiƙin aikin guda ne: a fara fasa lambar zuwa lambobin tushe da suka gina ta. In an yi wannan daidai, yawancin sauran siffofinta karanto su kawai za a yi. In an kuskure shi, duk abin da aka ɗora a kai ya rushe.

Lambar tushe, wadda a aji ake kira firaim, ita ce lambar da ta wuce 1 kuma ba mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, har abin da Allah ya yi. Ita 1 ba ta cikinsu. Idan aka ninka lamba da kanta sau da yawa za mu ce hawa, wato 2 × 2 × 2 × 2 shi ne 2 hawa huɗu, ana rubuta shi 2⁴. Saiwar lamba kuwa ita ce wadda in an ninka ta da kanta za ta ba da lambar, kamar yadda 12 take saiwar 144.

Mataki na farko: rubuta ta daidai, ka auna girmanta

Raba alƙaluman uku-uku daga dama, ka ƙirga su. Tamu shida gare ta. A kula da furuci, domin "dubu ɗari bakwai da ashirin" wani zai ji 720,000, wani ya ji 700,020. In da baki aka ba ka lambar, sa a maimaita dubun: dubu ɗari bakwai da dubu ashirin da ɗari bakwai da ashirin.

Sai ka nemi saiwarta, ko da kusa-kusa. 850 × 850 ya ba da 722,500, ya zarce kaɗan. 849 × 849 shi ne 720,801, har yanzu ya zarce. 848 × 848 shi ne 719,104. Saiwar tana tsakanin 848 da 849 ke nan. Rubuta 848 a gefen takarda, domin ita ce iyakar bincikenka. Dalili kuwa, masu raba lamba bibbiyu suke zuwa, ƙarami da babba, kuma ƙaramin ba ya taɓa wuce saiwa. In ka gwada har saiwa ba ka sami mai rabawa ba, babu shi a gaba.

Mataki na biyu: gwajin ido kafin a taɓa rabawa

Cika ce ko mara? Alƙalamin ƙarshe ke faɗa. Tamu ta ƙare da sifiri, saboda haka cika ce, kuma 5 da 10 suna raba ta. Don 4 a dubi alƙaluma biyu na ƙarshe, 20, ta rabu. Don 8 a dubi uku, 720, wato 8 × 90. Don 16 a dubi huɗu, 0720, wato 16 × 45. Don 32 a dubi biyar, 20,720, kuma nan ta tsaya, domin 32 × 647 shi ne 20,704, saura 16. Tun yanzu mun san cewa biyu huɗu ce a cikinta, ba biyar ba.

Don 3 da 9 a tara alƙaluman: 7 + 2 + 0 + 7 + 2 + 0 = 18. Tara na raba 18, don haka tana raba lambar. Ga wani rami da ɗalibai ke yawan faɗawa: wannan dabara ba ta aiki ga 27. Lamba 1,899 jimlar alƙalumanta 27 ce, amma 27 × 70 ya ba da 1,890, saura 9. Dabarar tana aiki ne saboda 10, 100, 1,000 duk saura 1 suke bari in an raba su da 9, kuma wannan bai tabbata ga 27 ba.

Gwajin da ya fi kowanne daɗi shi ne na 1,001, domin 7 × 11 × 13 = 1,001. Ɗauki rukunin uku na dama, ka debe na hagunsa, ka tara na gaba in akwai, haka bi da bi. Duk wadda ta raba sakamakon a cikin 7, 11 da 13, ta raba asalin lambar. A nan 720 − 720 = 0, kuma sifiri kowa na raba shi. Jifa ɗaya, tsuntsu uku. Kowace lamba mai alƙaluma shida da rabinta na farko ya maimaitu, kamar 358,358, haka take, domin rabin ne aka ninka da 1,001.

Mataki na uku: tsanin rabawa

Yanzu a sauka tsani, daga ƙaramar lambar tushe zuwa babba, kuma kada a bar ɗaya sai ta ƙi shiga.

720,720 ÷ 2 = 360,360
360,360 ÷ 2 = 180,180
180,180 ÷ 2 = 90,090
90,090 ÷ 2 = 45,045
45,045 ÷ 3 = 15,015
15,015 ÷ 3 = 5,005
5,005 ÷ 5 = 1,001
1,001 ÷ 7 = 143
143 ÷ 11 = 13

Goma sha uku lambar tushe ce, tsani ya ƙare. Sakamako: 720,720 = 2⁴ × 3² × 5 × 7 × 11 × 13.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko shi ne sifirin da ke tsakiya. Mai gaggawa zai raba 45,045 da 3 ya rubuta 1,515 maimakon 15,015, saboda ya manta cewa in an sauko da alƙalami bai isa rabawa ba dole a ajiye sifiri a sama. Na biyu shi ne a ga 143 a ɗauka ta gagara, alhali 11 × 13 ce. Irinta su ne 91, 119, 133 da 221, duk suna da kamar lambobin tushe amma ba su ba ne. Maganin duka biyun shi ne a koma a ninka: 16 × 9 = 144, 144 × 5 = 720, 720 × 1,001 = 720,720. Kada a tsallake wannan tabbatarwa ko da an gaji.

Mataki na huɗu: ƙirga masu raba ta ba tare da jera su ba

Ƙara 1 a kan kowane hawa, ka ninka su. Hawan su ne 4, 2, 1, 1, 1, 1, sun koma 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240. Me ya kawo ƙarin ɗayan? Duk mai raba lambar an gina shi ne da wani ɓangare na waɗannan tubala. Wajen ɗaukar biyu kana da zaɓi biyar: kada ka ɗauka sam, ko ka ɗauki ɗaya, biyu, uku, ko huɗu. Zaɓin "kada ka ɗauka" shi ne ɗayan da ake ƙarawa, kuma shi aka fi mantawa.

Daga nan abubuwa da dama ke fitowa. Masu rabawa da suke mara su ne waɗanda ba a ɗauki biyu ko ɗaya a cikinsu ba: 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 48, sauran 192 cika ne. Tunda bibbiyu suke tafiya, hanyoyi 120 ake da su na jera bulo 720,720 sahu-sahu ba ragowa. Wanda ya fi kusa da murabba'i shi ne sahu 840 mai bulo 858 kowanne. Yawan masu rabawa na mara yana kuma faɗin hanya nawa za a rubuta lambar a matsayin jimlar lambobi masu bin juna: a debe ɗaya daga 48, saura 47. Mafi gajarta ita ce 240,239 + 240,240 + 240,241.

A kwatanta da miliyan ɗaya, wadda ta fi ta girma. Ita 2⁶ × 5⁶ ce, masu raba ta 7 × 7 = 49 kawai. Girma ba shi ke kawo yawan masu rabawa ba, yawan tubala daban-daban ne. Babu wata lamba ƙasa da 720,720 da ta kai 240. Wadda ta riƙe kambun kafin ita ita ce 665,280 mai 224, kuma ba a wuce 240 ba sai a 1,081,080 mai 256. Lambar da ta fi duk na ƙasa da ita yawan masu rabawa tana cikin wani aji na musamman, wanda masanin lissafin Indiya Srinivasa Ramanujan ya yi dogon nazari a kai a 1915. Alamarsu ita ce lambobin tushensu suna farawa daga 2 ba tsallake, kuma hawan ba ya ƙaruwa in ana tafiya gaba, kamar yadda namu ya zo 4, 2, 1, 1, 1, 1. Sai dai cika wannan sharaɗi kaɗai bai isa hujja ba, dole a kwatanta da na ƙasa.

Wannan yalwa tana da amfani a aikace. 720,720 ita ce mafi ƙanƙantar lambar da kowace lamba daga 1 zuwa 16 ke rabawa. Masu rabon gado sun san darajar irin wannan, domin asalin mas'ala shi ma neman lambar da rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni za su fita a cikinta ne, abin da ke kai su ga 6, 12 da 24. Dukiyar naira 720,720 za ta rabu cif a kan waɗannan, har da auli, wato ƙara asalin idan kasonnin magada suka zarce shi, zuwa 7, 8, 9, 10, 13 da 15. Amma ta ci tura a 17 da 27. Ɗauki mamacin da ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba, inda 24 ke komawa 27. Matar tana da kaso 3 cikin 27, wato ɗaya bisa tara, naira 80,080 daidai, domin 3² na cikin lambar. Uba kuwa kaso 4 cikin 27 ne, ya faɗa naira 106,773 da sulusin naira, domin 27 uku hawa uku take bukata, lambar kuma hawa biyu gare ta. Tun daga mataki na uku za a iya hango inda kwabo zai fito.

Mataki na biyar: jimlar masu rabawa, da ajin da take

Ga kowace lambar tushe, tara hawanta tun daga 1. Na 2: 1 + 2 + 4 + 8 + 16 = 31. Na 3: 1 + 3 + 9 = 13. Na 5 shida ne, na 7 takwas, na 11 sha biyu, na 13 sha huɗu. Ninka su a hankali: 31 × 13 = 403, sau 6 ya zama 2,418, sau 8 ya zama 19,344, sau 12 ya zama 232,128, sau 14 ya zama 3,249,792. Wannan ita ce jimlar duka 240 ɗin, har da lambar kanta.

Doguwar ninkawa irin wannan tana son shaida. Gwajin 9 ba ya kama alƙaluman da aka juya, misali a rubuta 79 a gurbin 97, don haka na 11 ya fi. Sauran da kowanne ke bari in an raba da 11 su ne 9, 2, 6, 8, 1, 3. Ninka su kana zubar da sha ɗaya-sha ɗaya, za ka ƙare da 7. Amsar kuma, ana gano sauranta ne ta hanyar debewa da tara alƙalumanta bi da bi daga dama: 2 − 9 + 7 − 9 + 4 − 2 + 3 = −4, a ƙara 11 ya zama 7. Sun dace.

Yanzu debe lambar kanta: 3,249,792 − 720,720 = 2,529,072. Wannan ake kwatantawa da lambar. In ya yi daidai da ita, kammalalliya ce, kamar 6, 28, 496, 8,128 da 33,550,336. In ya gaza, mai giɓi ce. In ya zarce, mai rara ce. Tamu mai rara ce sosai, jimlar ta ninka ta sau uku da rabi. Wannan rabe-rabe tsoho ne, masanin lissafin Girka Nikomakus ya rubuta shi wajen shekara ta 100 miladiyya, kuma Sabit bin Ƙurra ya fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Kuskuren da ake yi shi ne a manta debe lambar kanta, sai kowace lamba ta fito mai rara. In ajin kawai ake so ba adadin ba, akwai yanke: duk lambar da 6 ke rabawa kuma ta wuce 6 mai rara ce, domin rabinta da sulusinta da sudusinta sun riga sun cike ta, ga kuma 1 a kai.

Ƙididdigar Oila, wato masanin lissafi Leonhard Euler, tana faɗin lambobi nawa ne ƙasa da lambar da ba su haɗa tubali ko ɗaya da ita ba. Ga lambar tushe mai hawa ɗaya a debe 1 kawai: 4, 6, 10, 12. Ga 2⁴ a yi 16 − 8 = 8, ga 3² a yi 9 − 3 = 6. Ninkinsu 8 × 6 × 4 × 6 × 10 × 12 = 138,240, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na lambar.

Mataki na shida: siffofin murabba'i

Lamba murabba'i ce, wato ninkin wata lamba da kanta, in duk hawanta cika ne. A nan 5, 7, 11 da 13 hawa ɗaya-ɗaya ne, don haka ba ita ba ce. Ana iya rubuta ta 144 × 5,005, kuma in an ninka ta da 5,005 za a sami 3,607,203,600, wato 60,060 × 60,060. Don sanin ko jimlar 1 + 2 + 3 har zuwa wata lamba ce, ninka ta da 8 ka ƙara 1, ka duba ko murabba'i ne. An sami 5,765,761, wanda ya faɗa tsakanin 2,401² da 2,402², saboda haka a'a.

Za ta zama jimlar murabba'i biyu? Dubi lambobin tushen da ke barin saura 3 in an raba su da 4. A nan su ne 3, 7 da 11. Dole kowaccensu ta zo da hawa cika. Uku ta cika sharaɗi, 7 da 11 sun karya shi, don haka kada a ɓata lokacin nema. Murabba'i uku fa? Ka yi ta raba lambar da 4 har ta ƙi: 180,180, sannan 45,045. Raba wannan da 8, in saura 7 ne ba zai yiwu ba. Saura 5 ne, zai yiwu. Nemo shi ma ba wuya: 720,720 − 848² = 1,616, wato 1,600 + 16. Ke nan 720,720 = 848² + 40² + 4².

Akwai siffofin da suka rataya a kan yadda muke rubuta lamba da goma-goma, ba a kan lambar kanta ba. Jimlar alƙalumanta 18 tana raba ta, 18 × 40,040, abin da malamin makarantar nan na Indiya Kaprekar ya sa wa suna harshad. A tsarin bibbiyu na kwamfuta kuwa ana rubuta ta 10101111111101010000, gurbi ashirin. Sifiri huɗun ƙarshe su ne 2⁴ ɗin nan. Yana da kyau a ware irin waɗannan siffofi gefe guda, domin in an sauya tsarin rubutu wasunsu kan ɓace, tubalan lambar kuwa suna nan.

Mataki na bakwai: lambar da ta ƙi gwajin ido

Nan ne aikin yake da nauyi, kuma yawancin manyan lambobi haka suke. Ɗauki 720,721. Tunda kowace lamba daga 2 zuwa 16 tana raba maƙwabciyarta, ita saura 1 za ta bari a hannun kowaccensu. Mutum zai so ya ce lambar tushe ce. Kada ya yi saurin faɗa. Lambobin tushe 146 ne ƙasa da 848, shida kawai aka kawar.

A ci gaba da lambobin tushe kaɗai, ba kowace lamba ba, domin in 3 da 7 sun kasa, 21 ma ta kasa. Da 17 saura 6. Da 19 saura 13. Da 23 saura 16. Haka 29, 31, 37, 41, 43, 47, 53, 59, 61 da 67 duk suka bar saura. A gwaji na sha huɗu ƙofa ta buɗe: 71 × 10,151 = 720,721.

Ba a gama ba, sai an bincike 10,151. Abu biyu ke rage wahala. Iyaka ta sauko, domin saiwar 10,151 ba ta kai 101 ba. Sannan ba sai an koma baya ba, duk wadda ta kasa raba uwar ba za ta raba 'yar ba. A fara daga 71 ɗin kanta, don tana iya maimaituwa: saura 69. Sai 73 saura 4, 79 saura 39, 83 saura 25, 89 saura 5, 97 saura 63. Babu. Ke nan 10,151 lambar tushe ce, kuma 720,721 ninkin lambobin tushe biyu ce kacal. Masu raba ta su ne 1, 71, 10,151 da ita kanta. Jimlar ukun farko 10,223, mai giɓi ce ƙwarai. Ƙididdigar Oila tata 70 × 10,150 = 710,500. Irin wannan gini na tubala biyu, in an kai kowanne ɗaruruwan alƙaluma, shi ne tsarin RSA na 1977 ya dogara da shi wajen kulle saƙonni a intanet, domin ninkawa sauƙi gare ta, warwarewa kuwa ta gagari kwamfuta.

Yanke hukunci da wuri ya taɓa kayar da manya. Masanin lissafin Faransa Fermat ya yi zaton 4,294,967,297, wato 2³² + 1, lambar tushe ce, sai a 1732 Oila ya nuna 641 × 6,700,417 ce.

In lambar ta wuce ƙarfin biro

Daga alƙaluma goma zuwa sama sai na'ura, amma na'ura ma tana da nata ramukan. Kalkuleta mai nuna alƙaluma goma tana iya nuna amsar rabawa kamar cikakkiya alhali ta yanke wutsiyar ne, don haka a ninka amsar a gani ko za ta dawo daidai. Manhajar Excel alƙaluma 15 take riƙewa, na sha shida zuwa gaba sifiri take mayar da su ba tare da gargaɗi ba. A harsunan shirya manhaja, lambobin JavaScript na yau da kullum ba su da tabbas bayan 9,007,199,254,740,992. Python ba shi da wannan iyaka ga cikakkun lambobi, muddin an yi amfani da % don saura da // don rabawa. Alamar / ita kaɗai tana mayar da amsa mai ɗigo, ta zubar da alƙaluma. A kwamfuta mai tsarin Linux, rubuta factor 720721 zai fito da 71 da 10151 nan take.

Gwajin Fermat yana da sauri: a ɗaga 2 zuwa hawan lambar ba ɗaya, a raba da lambar, a dubi saura. A Python ana rubuta pow(2, 720720, 720721). In saura ba 1 ba ne, kamar yadda yake a wannan misali, tabbas lambar ba ta tushe ba ce, ko da gwajin bai faɗi tubalanta ba. In kuwa 1 ne, ba a tabbatar da komai ba tukuna. 341 tana ba da 1 alhali 11 × 31 ce. Sauya 2 da 3 yana tona asirin 341, amma 561, wato 3 × 11 × 17, tana tsallake gwajin da kowace lambar da ba ta haɗa tubali da ita ba. Irinta ake kira lambobin Carmichael, kuma saboda su ne manhajoji ke amfani da gwajin Miller da Rabin, wanda 561 ba ta tsallake shi ko da 2 aka gwada ta.